Neman shawara: mudu biyu ne a rumfata

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ɗan awo ne a kasuwar Zuru, dawa da masara nake sayarwa. Abin da zan faɗa ko matata ba ta sani ba. Mudu biyu ne a rumfata, ɗaya cikakke, ɗaya kuma an ɗan buga gindinsa ciki. Bara na soma, da kuɗin makarantar yara ya sha kaina. Duk Lahadi a sujada sai in yi wa Allah alkawari na daina, kullum da asuba kuma ina karanta Littafi Mai Tsarki. Amma da mai saye ya matsa da neman ragi, sai hannuna ya kai ga ƙaramin. A wannan lokaci ko aya ɗaya ba ta faɗo mini. Yaya ake tsayayya da jaraba da Maganar Allah a daidai sa'ar da ta zo?

Wani dattijon ikilisiya daga Yauri:
Ɗana, fitowar da ka yi ka faɗa, aikin Ruhu ne. Buɗe Matiyu 4. Bayan azumin kwana 40, sau uku Iblis ya zo wa Ubangiji Yesu, sau uku yana amsa masa da abin da ke rubuce, dukansu daga Maimaitawar Shari'a: 8:3, 6:16 da 6:13. Ka lura, kowace aya ta dace da gwajin da ke gabansa. Da aka taɓo yunwa, maganar gurasa ya ɗauko. Karatunka na asuba yana da kyau, sai dai ba ka zaɓi takobin da ya dace da yaƙinka ba. Taka ayar tana Maimaitawar Shari'a 25:13-15, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu, babba da ƙarami. Haɗa da Karin Magana 11:1. Ka haddace su, ka furta da bakinka kafin ka kwance bakin buhu.

Wata uwa daga zumuntar mata, Zuru:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ƙanena, aya ba laya ba ce. Iblis ma ai ya janyo Zabura 91 a Matiyu 4 ɗin nan. Muddin mudun nan yana ƙarƙashin tebur, kai ne ka shimfiɗa wa jaraba tabarma. Da matar Fotifar ta kama Yusufu, bai tsaya wa'azi ba, rigarsa ya bari a hannunta ya gudu. 1 Korintiyawa 10:13 ta ce Allah yana buɗe mafita, to taka ita ce guduma. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan ce: mu ne masu sayen nan. Mun san awon da ba ya kai tuwon dare, yaro ya kwana yana lashe kwano.

Wani matashi daga Gusau:
Yayana, ni cacar ƙwallo ta waya ce ta riƙe ni. Ban rabu da ita ba sai da na gaya wa fastonmu, yana tambayata duk mako. Duba Yakubu 5:16. Ka fara da matarka.

Mai tambaya ya dawo:
Mama, maganarki ta hana ni barci. Yau da safe na murƙushe mudun a gaban matata, ta yi kuka, muka yi addu'a. Ayoyin Baba na rubuta su a kwali na liƙa jikin rumfa. Saura abu ɗaya. Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar ninki huɗu ga wanda ya cuta, a Luka 19:8. Ni yawancin waɗanda na tauye wa mutanen ƙauye ne, ban ma san sunansu ba. Ta yaya zan mayar musu?