Fim ɗin Tudun 203: kirarin yaƙi ne ko makoki?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. A makon jiya na kalli fim ɗin Japan na 1980 mai suna Nihyakusan Kochi, wato Tudun 203, wanda Toshio Masuda ya ba da umarni, kuma har yanzu yana damuna. Labarin ƙawanyar da sojojin Japan suka yi wa sansanin Rasha na Port Arthur ne a yaƙin 1904 zuwa 1905. Ana tura samari su hau tudu, bindigogi masu jigida su kwantar da su, gari ya waye a sake turo wasu. Ina roƙon masana su warware mini: kirari fim ɗin yake yi wa Janar Nogi, kwamandan sojojin Japan a ƙawanyar, da nasarar Japan, ko kuwa kukan mamatan yake yi? Sannan akwai finafinan da suka nuna rayuwar talakan Japan a wancan zamani?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. A ganina makoki ne, kuma hujjata ita ce malamin firamaren nan na cikin fim ɗin da aka kira aikin soja. Da farko mutum ne mai ƙaunar adabin Rasha, musamman Tolstoy, amma bayan ya ga yadda aka ƙarar da sojojin da yake jagoranta, sai zuciyarsa ta cika da ƙiyayyar Rashawa. Wanda yake son yi wa yaƙi kirari ba zai tsaya nuna yadda yaƙin ya lalata mutumin kirki ba. Tudun kuwa, tsayinsa na mita 203 ne ya ba shi suna, kuma daga samansa ake hango tashar jiragen ruwa. Japan tana gaggawar nutsar da jiragen yaƙin Rasha da ke ciki kafin rundunar jiragen ruwan Rasha ta tekun Baltik ta iso, shi ya sa aka zubar da jini haka har tudun ya faɗi a Disambar 1904. Shi kansa Nogi, wanda Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, ya rasa 'ya'yansa maza biyu a yaƙin, ɗayansu a wannan tudu.

Uwar Khalifa:
Malam, na yarda akwai makoki, amma makokin wa? Ba a ƙasar Japan aka gwabza ba, ba kuma a tsakiyar Rasha ba. A Manchuriya (arewa maso gabashin Sin) da Koriya aka yi, a gonaki da garuruwan mutanen da ba su gayyaci kowa ba, kuma fim ɗin bai ba su bakin magana ba. Shekara biyar bayan nasarar, a 1910, Japan ta haɗiye Koriya gaba ɗaya. Wannan giɓin yana ci mini rai duk lokacin da na kalli irin waɗannan finafinai.

Game da tambaya ta biyu, ɗan'uwa, ka nemi Aa Nomugi Toge na Satsuo Yamamoto, na 1979. Babu fagen daga a cikinsa. 'Yan matan ƙauyukan Hida ne suke ƙetare tsauni cikin dusar ƙanƙara zuwa masana'antun zaren siliki na Okaya, suna aiki tun asuba har dare, wasu cuta ta cinye su tun suna ƙanana. Silikin da suke sarrafawa shi ne babban abin da Japan take sayarwa waje ta samu kuɗin ƙetare, a daidai lokacin da take sayo jiragen yaƙi daga Ingila.

Malamin Tarihi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, ban da abin musu a kan Koriya. Zan ƙara da Hakkodasan na 1977, wanda Ken Takakura ya fito a ciki. A Janairun 1902 aka fitar da sojoji 210 atisayen sanyi a tsaunukan Hakkoda, domin shirin karawa da Rasha, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, 199 suka mutu ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Fim ɗin ya ɗora nauyin a kan rikicin umarni tsakanin hafsoshi. Su ma talakawan da suka ba da 'ya'yansu da harajinsu ba su yi shiru ba: da aka sa hannu a yarjejeniyar Portsmouth da ta kawo ƙarshen yaƙin a Satumbar 1905 ba tare da Rasha ta biya diyya ba, tarzoma ta ɓarke a Hibiya da ke Tokyo, aka ƙone ofisoshin 'yan sanda da dama.

Ɗan Zazzau:
Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Da na 'yan matan silikin zan fara.