Shawarwarin mata masu hawan keke don tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu a gida

A jihar Washington ta Amurka an sha shirya tafiyar keke ta mata zalla, Cycle the WAVE, wadda kuɗinta ke zuwa ga ƙungiyoyin da ke taimakon matan da suka tsere wa duka a gidajensu. Masu shiga irin wannan tafiya sun tattauna, ga kuma abin da suka fi nanatawa.

Maganar sirri ce ta ɗauki lokaci. Gidajen da ake ɓoye waɗannan mata ba a bayyana adireshinsu, don haka kada a tashi daga ƙofarsu, kada a ƙare a can. Hoto ma sai da izini. Wata tana cikin ayarin alhali mijin da ta gudu daga hannunsa yana nemanta, hoto ɗaya a Facebook ya isa ya tona inda take. A ganina wannan ya fi duk sauran shawarwarin nauyi.

Kan kuɗi, bakinsu ɗaya: a tura kai tsaye asusun ƙungiyar, kuma kuɗi ya fi tsofaffin tufafi amfani, tunda shi ke biyan haya da lauya.

Sabuwar shiga ta zaɓi gajeren zango, ba tsere ake ba. Ta gwada sirdinta makonni kafin ranar, ta koyi facin taya, ta riƙe ruwa da famfo. An ɗan yi gardama kan shigar maza; mafi yawa suka ce su tsaya rabon ruwa da gyaran keke a bakin hanya.