Wane tsiro ne wannan mai furen rawaya a dajin Riyad?

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Juma'ar da ta wuce kafilina (maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa a nan Saudiyya) ya ɗauke ni muka fita daji wajen Sumama, to akwai wani ɗan tsiro da ya cika wurin, ko ƙugu bai kai ba, rassansa sirara fari-fari, ga ƙananan furanni rawaya kamar maɓallin riga. Da zafi mun je wurin nan ni dai ƙirare kawai na gani. Na kai hannu zan karyo busasshen mu hura wutar shayi, mutumin nan ya daka min tsawa kamar na taɓa ɗansa. Wai meye shi ne dan Allah?

Baffa Mai Raƙuma:
Wa alaikumussalam. Yaro arfaj ka gani, ni da nake kiwo a Hafar Albaɗin kullum muna tare. Waɗancan ƙiraren ma shi ne, bai mutu ba, da zafi yake zubar da ganye ya yi lamo sai ka rantse ya gama, ruwan hunturu na sauka sai ya farfaɗo, wajen watan Afrilu ya yi fure. Raƙuma da tumaki na sonsa sosai. Wutarsa kuwa ba a magana, nan da nan take kamawa ga zafi, amma bata daɗewa ta cinye. Da shi Badawiyyai suke girki tun da can, shi da yawan kiwo suka sa ya ƙare a wurare da dama. Yanzu an hana yin itace a daji, jami'an muhalli suka kama ka tara ce, kai kuma ga igama (takardar izinin zama) a wuya. Kafilin naka gata ya maka.

Maman Hanan, Jidda:
Ikon Allah. Ai shi ne furen ƙasar Kuwaiti. Kuma danginsu ɗaya da shuwakarmu ta gida da tazargade, ka duba furen da kyau, ba guda ɗaya bane, ƙanana ne da yawa suka cure a kai ɗaya.

Malam na Madina:
Har suna Larabawa ke sawa da shi. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun jahiliyya ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya ce ya sa na zinare.

Ɗan Gwammaja:
Nagode Baffa, Allah ya ƙara girma. Wlh ni na zaci rowar itace ce, har fushi nake a mota. Wannan satin gawayin baƙala (kanti) zan saya tun daga gari.