Mun biya kuɗin lafiya a biza, likitan iyali kuma yana neman wani: haka abin yake?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ku taimaka min da shawara. A Birmingham muke, maigida yana digirin digirgir. Za mu je Kano bikin ƙanina nan da wata biyu, ni da shi da yara biyu, Hanif mai shekara 6 da ƙanwarsa mai wata 14 da aka haifa a nan. Daga can maigida zai wuce Umra. Ina kuma da juna biyu, ranar tafiyar zan shiga mako na 29.

Na je asibitin likitan iyalinmu, wato GP, a kan abu uku: takardar da kamfanin jirgi ke nema a wajen mai ciki, rigakafin yara, da allurar sanƙarau ta maigida. Matar da ke teburin karɓar mutane ta nuna min wata takarda manne a bango, farashi ne jere. Ta ce wasiƙar fam 35 ce, a biya tukuna, kuma za ta ɗauki mako biyu zuwa uku. Allurar ciwon shawara ba sa yi, ta sanƙarau ma sai dai mu je kemis mu biya. Kaina ya ɗaure. Lokacin neman biza fam 776 muka biya wa kowannenmu a kowace shekara, aka ce kuɗin NHS ne, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasar. To wannan kuma na mene ne? Ko don ta ga ni baƙuwa ce? In kai ƙara ne ko in biya in yi shiru?

Baban Amira, Leicester: Wa alaikumus salam Maman Hanif. Ba don baƙunta ba ne, Baturen da kakansa ya ga kafa NHS a 1948 ma haka zai biya. Asibitocin likitocin iyali ba irin asibitin gwamnati na gida ba ne. Yawancinsu likitocin ne ke tafiyar da abinsu, su ke biyan ma'aikata da hayar gini, NHS kuma ta ba su kwangilar duba marasa lafiya. Abin da ke cikin kwangilar kyauta ne: rajista, ganin likita, gwajin jini, tura mutum babban asibiti, rigakafin yara na yau da kullum. Abin da wani can daban ke nema, kamar kamfanin jirgi ko inshora ko mai ba da lasisin tasi, ba ya ciki, don haka kowane asibiti shi ke yanka farashinsa. Ni da na nemi lasisin tasi, gwajin lafiyar kaɗai ya haura fam 100, kuma ban isa in ce uffan ba. Ƙara ba za ta kai ki ko'ina ba a wannan.

Anti Nas: Ƙanwata, ni aikin jinya nake yi, bari in rarrabe miki allurorin don ba duka ne na kuɗi ba. Na taifot, da na ciwon hanta nau'in A, da na kwalara, da na shan inna wanda ake haɗawa da na tetanus, kyauta ne a NHS ga matafiyi idan ƙasar da zai je tana buƙata. Ki koma ki ce a ba ki lokacin ganin nas ɗin da ke kula da matafiya. Ki riƙe jan littafin lafiyar yaran da ake rubuta rigakafinsu a ciki, da katin rigakafin Hanif na gida in kin zo da shi. Kada ki yi jinkiri, mako 6 zuwa 8 kafin tafiya ake so, kuma kina bakin gaɓa.

Allurar shawara kam ta kuɗi ce, kuma sai a wuraren da aka ba izini, galibi kemis-kemis da asibitocin matafiya. Tun daga 2016 katinta na har abada ne, don haka in ku manya kuna da katinku na gida, ku nemo shi kawai. Jaririyar ce ke buƙata tunda ta wuce wata 9, kuma sai bayan kwana 10 katin ke fara aiki. Ta sanƙarau ta maigida, Saudiyya ce ta shar'anta wa mai Hajji da Umra, ita ma aƙalla kwana 10 kafin ya sauka. Ya duba in an yi masa a 'yan shekarun nan, don irin wadda ake yi a nan takardarta shekara 5 take yi.

Amma gaskiya ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ciki wata bakwai da sauron Kano? Maleriya ga mai juna biyu ba wasa ba ce, kuma ɗan juriyar da jikinmu ke da ita tana raguwa in mun daɗe ba mu gida. Ita kuwa 'yar da aka haifa a nan ba ta da ko kaɗan. Ki zauna da ungozomarki kafin ki biya kuɗin kowace wasiƙa. Maganin kariya daga maleriya ma saye ake yi, kuma ba kowane iri ne mai ciki ke sha ba.

Ɗan Fagge: Haba, duk wannan wahalar ta mece ce? Katin shawara ai a gida ana samu. Ki sa wani ya karɓo miki ya aiko, shi ke nan.

Anti Nas: Malam, katin da ba allura a bayansa sauro ba ya karanta shi. Yarinya ce 'yar wata 14. Don Allah a daina ba mutane irin wannan shawarar.

Ɗan Fagge: Allah ya ba da haƙuri Anti, na janye. Amma dai fam 35 a kan layi uku ya yi yawa, wannan ba na janyewa.

Baban Amira, Leicester: Layi uku ne a idonka, amma kafin likita ya sa hannu sai ya bi fayil ɗin mutum, don in abin da ya rubuta ba daidai ba ne lasisinsa ne a kan layi. Kuma ba a lokacin ganin marasa lafiya yake yi ba, shi ya sa jinkirin. Ban ce da daɗi ba fa, ni ma yana min ciwo.

Hajiya Babba: 'Yata, shekaruna a ƙasar nan sun koya min in fara tambayar wanda ya aiko ni me yake so takamaimai. Ki kira kamfanin jirgin ki ji ko wasiƙar ungozoma ta wadatar, yawancinsu suna karɓa, kuma wasu ungozomomin ba sa cajin komai. Ki tambaye su kwana nawa kafin tashi ya kamata a rubuta ta, kada ki biya yanzu su ce ta tsufa. Sannan ki lissafa ranar dawowa, ba ta tafiya kaɗai ba. Yawancin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, mai tagwaye kuma 32. In biki ya ja ki, a Kano za ki haihu.

Wani abin kuma, kin karɓi takardar yafe kuɗin magani ta masu ciki? Ungozoma ce ke cike miki. Da ita ba za ki biya fam 9.90 da ake biya kan kowane magani a Ingila ba, har wata 12 bayan haihuwa, kuma likitan haƙori na NHS ma kyauta ne. Mata da yawa suna ta biya don ba wanda ya gaya musu. Yara 'yan ƙasa da 16 dama ba sa biya.

Abu Sadik, Glasgow: Mu a Sikotland maganin da likita ya rubuta kyauta ne ga kowa, amma wasiƙu muna biya kamar ku. Ƙarin bayani ga sauran 'yan uwa: in rashin lafiya bai wuce kwana 7 ba, ba ka buƙatar takardar likita, da kanka za ka cike fom a wurin aiki. In ya wuce, takardar hutun kyauta ce. Haka kwafin bayanan lafiyarka, haƙƙinka ne ka nema ba ko kwabo, wata ɗaya suke da shi su ba ka. Sau da yawa makaranta ko wurin aiki shi kawai suke buƙata, ba sabuwar wasiƙa ba.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kira kamfanin jirgin, sun ce ta ungozoma ta yi. Nas ta ce in kai yara ranar Talata, na kuma tono katin shawararmu ni da maigida da Hanif a ƙasan akwati, saura na ƙaramar. Ungozoma kuwa da ta ji Kano sai ta yi shiru, ta ce in zo Alhamis mu yi magana. Hajiya, in ta ce kada in je, wa zai tare min Umma a waya?

Hajiya Babba: Ki haɗa ni da ita, ni zan yi mata bayani.