Ƙananan zanzaro sun fito daga ƙwan tsutsar masara: ƙwararre zan aika wa ko gwajin DNA zan biya?

Ɗalibar Kare Amfanin Gona:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu, kuma aikina a kan maƙiyan tsutsar masara ne, wato Spodoptera frugiperda, wadda aka fara ba da rahoton ɓullarta a Afirka a 2016. A daminar da ta wuce na tattara ƙwanta daga ganyen masara a gonakin da ba a yi wa feshi ba, na ware kowane gungu a kwalbarsa, sai wasu suka yi baƙi, ƙananan zanzaro suka fito daga cikinsu maimakon tsutsa. Iri biyu nake gani: wani baƙi mai sheƙi da tsawonsa yake kusan rabin milimita, da wani ɗan rawaya mai jajayen idanu. Duka suna cikin itanol mai ƙarfin kashi 70, kuma a cikin masu rawayan ban ga namiji ko ɗaya ba. Malamin da ke duba aikina yana ganin in rubuta Telenomus remus ga baƙin da Trichogramma ga mai rawayan in wuce, amma zuciyata ba ta kwanta da sa sunan da ban tabbatar ba. Kuɗin da ya rage mini abu ɗaya zai iya: ko in aika wa masanin da zai duba siffarsu, ko in biya gwajin DNA. Wanne ya fi?

Mai Tarkon Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Shawarata ki kafa tarkon Malaise, mai kama da ƙaramin tanti da ke kama ƙwari masu tashi, a gefen gonar, ki haɗa da kwanoni masu launin rawaya da ruwa da ɗan sabulu a ciki. Da su na yi nawa aikin, kuma zanzaron da na kama ya fi ƙarfin ƙirgata.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Malam, ba kamawa ce damuwarta ba, ta riga ta reno su daga ƙwai, kuma hakan ya fi tarko daraja domin ta san abin da suke ci. 'Yata, ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ki ɗora baƙin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ki ƙirga gaɓoɓin eriyarsa: macen Telenomus tana da 11 masu kauri a ƙarshe, namiji yana da 12 sirara. Ɗan rawayan kuwa ki duba ƙarshen ƙafarsa, idan gaɓa uku ce to dangin Trichogrammatidae ne. Iyakar inda idonki zai kai ki ke nan. Ana rarrabe jinsunan Trichogramma ne da al'aurar namiji, bayan an wanke shi an shimfiɗa a kan gilashi, don haka idan ba ki da namiji ko babban masani ba zai iya tabbatar da ainihin jinsin ba. Rashin mazan ba lallai sakacinki ba ne, akwai ƙwayar cutar Wolbachia da ke sa wasunsu haifar mata zalla. Yau ɗin nan ki mayar da rabinsu cikin itanol mai kashi 96 ki sa a firiza don kada DNA ɗinsu ya lalace.

Ɗan Maradi:
Malama, kafin ki aika wa kowa komai ki saurari abin da ya same ni. Mu a nan babbar matsalarmu murzuna ce, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, Heliocheilus albipunctella. Na yi aiki a cikin masu kai wa manoma ƙananan buhunan algarara da ake zuba hatsi da gari da tsutsar Corcyra mai cin hatsin ajiya da matan zanzaron Habrobracon hebetor a ciki, a rataye a ƙauye, 'ya'yan su fito su bi murzuna cikin gonaki. Ina cikin wannan aiki na ɗauki ɗabi'ar tsinto ƙwan murzuna daga zangarniya da allura, ina reno su a gida, ina rubuta sunan ƙauye da ranar da na ɗauka da fensir a 'yar takarda in jefa cikin kowace kwalba. Wani baƙo mai bincike ya zo ya gani, ya yaba ƙwarai, ya ce zai tafi da su ƙasarsu a tantance a dawo mini da su da sunayensu. Na ba shi duka, ban rage ko kwalba ɗaya ba, domin na ɗauke shi babba. Na rubuta masa har na gaji, amsa ɗaya na samu cewa ana kan aiki. Daga baya wani abokina ya turo mini takardar da aka wallafa, ga sunayen ƙauyukan da na taka da ƙafata a jere, ga ranakun da na rubuta da hannuna, amma sunana ko a wurin godiya babu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yau idan ɗalibi a nan ya so ya kwatanta abin da ya kama da waɗancan, babu inda zai gan su.

Dakta Mai Binciken Ƙwayoyin Halitta:
Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake cewa ta biya DNA. Tun da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar gane jinsi da DNA a 2003, ana karanta wani yanki na ƙwayar gado da ake kira COI mai tsawon haruffan DNA 658, a kwatanta da abin da ke rumbun bayanan DNA na intanet, wato BOLD ko GenBank. Ga Trichogramma an fi dogara da wani yankin DNA da ake kira ITS2, kuma mace ma ta isa. Da taimakon DNA aka tabbatar a 2019 cewa Telenomus remus yana Benin da Kwaddibuwa da Kenya da Nijar da Afirka ta Kudu. Ni dala 8 na biya kan kowane samfuri.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Dakta, wannan farashin karantawa ne kawai. Ni da aka haɗa da cire DNA da kuɗin aikawa, dala 25 ya kama kan kowanne, kuma waɗanda suka daɗe a itanol mai kashi 70 cikin zafi ba su ba da komai ba, ba a kuma mayar mini da kuɗina ba.

Ɗan Maradi:
Ni jika goma na sefa aka ce mini, da na je biya aka ce wannan na babban ƙwaro ne, ƙanana sun fi tsada.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Dakta, da girmamawa, sunan da ke cikin rumbun nan mutum ne ya sa shi bayan ya duba da ido, idan ya yi kuskure kwamfuta za ta maimaita kuskurensa ga duk wanda ya tambaye ta. Yawancin ƙananan zanzaron Afirka kuma ba a taɓa shigar da su ba. Ku tuna da ƙwaron rogo, Phenacoccus manihoti. An fara neman maƙiyansa a jikin wani ɗan'uwansa mai kama da shi, Phenacoccus herreni, waɗanda aka kawo suka kasa, sai da aka gano na ainihin a Faragwai a 1981, sannan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki zanzaron Anagyrus lopezi a Nijeriya rogo ya farfaɗo. Suna ɗaya da aka rikita shi ya jawo wancan jinkirin.

Dakta Mai Binciken Ƙwayoyin Halitta:
Baba, ba na musun gogewarka, amma masu jarrabawa takardar da aka wallafa za su tambaye ta, ba abin da wani ya gani a ɗakin gwaji ba. A 2021 Michael Sharkey da abokan aikinsa sun sa wa jinsuna kusan 400 na dangin zanzaro Braconidae daga Kosta Rika suna, mafi yawa bisa DNA da hoto.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Kuma masana da yawa sun soki wannan aiki, Dakta, har aka yi ta rubuce-rubucen martani. Baba kuwa da hannunsa ya koya wa daktoci da dama yadda ake shimfiɗa ƙwaro a gilashi, ban ga dalilin da rashin digiri zai rage nauyin maganarsa ba.

Mai Tarkon Ƙwari:
Ni roƙona idan kun gama sa musu suna, ku samo mana wanda zai riƙa shiga ƙwan sauro, unguwarmu za ta haɗa kuɗin gwajin.

Ɗalibar Kare Amfanin Gona:
Na gode muku duka. Baba, na mayar da rabi cikin kashi 96. Tambayata yanzu ita ce: idan an cire DNA, ƙwaron yana lalacewa ne gaba ɗaya? Masu rawayan ba su da yawa.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Akwai hanyar da ake jiƙa shi a cire DNA ɓawon jikin ya rage, ki nemi a yi miki haka a rubuce. Amma idan an dawo da shi, ina za ki ajiye? Akwatunan da muka cika a zamaninmu, na koma na tarar ƙwarin da ke cin busasshen nama sun shiga sun bar allurai da takardu da gari a ƙasa, saboda an daina sayen kafur, kuma ba a ɗauki kowa ya maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ba.

Ɗan Maradi:
Shi ya sa samfuran asali na ƙwarinmu da yawa, wato waɗanda aka fara sa wa suna, suke gidajen tarihi na Landan da Faris. Yarjejeniyar Nagoya, ta raba amfanin da aka samu daga halittun wata ƙasa da ita ƙasar, ta fara aiki tun 2014, amma wa ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana takardar da za mu sa baƙo ya sa wa hannu?

Dakta Mai Binciken Ƙwayoyin Halitta:
Firizar ma da ake cewa ta sa, tamu takan narke duk lokacin da wuta ta ɗauke kuma man janareta ya ƙare. Akwai wanda ya gwada firiza mai aiki da hasken rana ya gaya mana ko tana riƙe sanyi a watan Afrilu, da nawa ya saya?