Katin T206 mai tabon taba: a goge shi ko a bar shi yadda yake?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Kwanan nan na sayi katina na farko daga jerin T206, wato katunan 'yan wasan besbol da kamfanin American Tobacco Company ya riƙa sakawa cikin kwalayen taba a Amurka tsakanin 1909 da 1911. Bayansa yana ɗauke da tallar tabar Polar Bear, sai dai akwai tabo mai ruwan ƙasa a gefen hoton, kusurwoyin kuma duk sun cinye. Shin zan iya goge tabon kafin in aika a tantance shi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka taɓa shi. Polar Bear ba sigari ba ce, ɓarzajjen ganyen taba ne, katin kuma yakan kwanta a cikin ganyen kai tsaye, shi ya sa da wuya a sami mai wannan tambari babu tabo. Kamfanonin tantancewa irin su PSA da SGC suna ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma naka zai iya tsayawa a 2 ko 3, wanda ba abin kunya ba ne ga katin da ya haura shekara ɗari. Amma da zarar sun gano an sa masa sinadari, makin ma ba zai samu ba.

Mai Awo:
Ni abin da ya fi damuna shi ne askin gefe, wato a yanke bakin kati don ya yi kamar bai cinye ba. Ka tuna da katin T206 mai hoton ɗan wasan besbol Honus Wagner, wanda ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, wanda PSA ta ba maki 8; a 2013 dillalin katunan nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya aske gefen katin. Saboda haka ka auna naka: faɗinsa ya kamata ya kai kusan inci 1 da 7/16, tsawonsa inci 2 da 5/8. Sannan ka duba bakin katin da gilashin ƙara girma, domin tsohon yanka yakan dushe ya yi laushi, sabo kuwa fari ne fat, ga kaifi.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Na auna, ya cika, bakin kuma ya dushe daidai da sauran jikinsa. Zan aika shi da tabonsa.