Me ya sa aka ɗora wa Yahudawan Turai laifin annobar 1348?

Sagiru_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana cewa a lokacin ɗa'unin da ya cinye Turai tsakanin 1347 da 1351, jama'a sun zargi Yahudawa da zuba guba a rijiyoyi. Tsoro ne kawai ya rufe musu ido, ko akwai wata a ƙasa? Wasu kuma na cewa Yahudawan ba su mutu sosai ba saboda tsabta, shi ya jawo musu zargi. Gaskiya ne?

Malam_Tarihi:
Wa'alaikumus salam, Malam Sagiru. Cutar dai ba ta rijiya ba ce. Ƙwayar Yersinia pestis ke haddasa ta, ƙumar ɓera ke ɗauko ta zuwa jikin mutum, kuma sai a 1894 aka gano ƙwayar a Hong Kong.

Kashe-kashen Yahudawa sun fara a Toulon da ke kudancin Faransa cikin Afrilun 1348, amma abin da ya ba zargin ƙafa ya faru ne a Savoy, wani yanki a tsaunukan Alps. A watan Satumba aka tsare Yahudawa a fadar Chillon, bakin tafkin Geneva, aka azabtar da su har wani likita mai suna Balavignus ya ce ya zuba guba a maɓuɓɓugar ruwa. Aka rubuta wannan ikirari, aka yi ta aika kwafi daga majalisar wannan gari zuwa ta wancan. Duk garin da takarda ta isa sai su kama nasu, su azabtar, su samu irin wannan amsa, su ƙara aikawa gaba. Wanda ake azabtarwa zai faɗi duk abin da ake son ji.

Batun tsabta kuwa babu hujja a kansa. Fafaroma Clement na 6 ya fitar da umarni a Yuli da kuma Satumban 1348, ya ce Yahudawa ma suna mutuwa kamar kowa, annobar kuma tana shiga inda babu Bayahude ko ɗaya. Ya yi barazanar korar duk mai taɓa su daga Coci. Yawancin garuruwan Jamus ba su saurare shi ba.

Hajiya_Bilkisu:
Malam, ni ina ganin ana ba tsoro kaso fiye da nasa. A dubi ranakun. An ƙona Yahudawan Strasbourg ranar 14 ga Fabrairun 1349, alhali annobar ba ta iso garin ba sai bayan watanni. Shugabannin majalisar, cikinsu har da Peter Swarber, sun ƙi yarda a taɓa su. Sai ƙungiyoyin masu sana'a, mahauta a kan gaba, suka haɗa kai da wasu manyan gari, suka tuɓe su, suka naɗa sabuwar majalisa. Cikin 'yan kwanaki aka ƙona ɗaruruwan mutane. Me ya biyo baya? Aka soke bashin da suke bin jama'a, aka raba kuɗinsu. Fritsche Closener, marubucin tarihin garin da ya rayu a zamanin, ya rubuta cewa kuɗin nan shi ne gubar da ta kashe su.

Dalilin da bashi ya shigo shi ne, an hana Yahudawa shiga ƙungiyoyin sana'a, an bar musu bayar da rance da kuɗin ruwa, sarakuna kuma na tatsar haraji daga ribar. A doka ma dukiyar sarki ake ɗaukar su. Shi ya sa a Yunin 1349 Sarkin Jamus Charles na 4 ya jinginar da Yahudawan Frankfurt ga majalisar garin, ya kuma yafe wa garin tun kafin a yi, idan an kashe su. A Yuli aka kashe su. A Nuremberg ya ba da izinin rushe unguwarsu don a yi kasuwa, a Disamba aka kashe mutum 562, daga baya aka gina cocin Frauenkirche a inda majami'arsu take. Wannan ba ruɗewa ba ce, shiri ne.

Malam_Tarihi:
Haka ne Hajiya, sai dai kada a manta ƙiyayyar ta girmi annobar. Tun 1321 aka yi irin wannan zargi na guba a Faransa kan kutare, aka haɗa da Yahudawa.

Abba_Maradi:
Ga hujjar cewa shugabanci ke yanke hukunci: inda masu iko suka tsaya, an tsira. Majalisar Regensburg ta kare Yahudawanta. Albrecht na 2 na Ostiriya ya hukunta mutanen Krems bayan sun kai hari. Basel kuwa majalisarta ta miƙa wuya, a Janairun 1349 aka tara Yahudawan garin a wani gidan katako kan tsibirin kogin Rhine aka cinna wuta.

Annobar nan ta afka wa ƙasashen Musulmi ma, a Tunis ta kashe iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun. Matafiyin nan Ibn Battuta yana Dimashƙa a 1348, ya ba da labarin cewa mutanen garin sun yi azumin kwana 3, sannan suka fita addu'a tare babu takalmi: Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila.